Burodin Radivoje Da Tandar 'Yar Haya

Akwai wani mai gidan haya a unguwarmu a garin Valjevo, sunansa Radivoje. Ni na koyar da shi a aji huɗu, don haka na san abin da nake faɗa.

Shi da matarsa Ljubinka suna sama, a ƙasa kuma ya ba wata bazawara haya, Gordana, wadda ke gasa waina mai cuku tana kaiwa kasuwa. Da wannan take ci.

Murhun lantarkin da ta tarar a gidan ya shekara arba'in da ɗaya. Tandarsa tana ƙona gindin abu, ta bar samansa fari. Masu sayen wainar Gordana suka fara komawa wajen wasu.

Sau uku na rubuta wa Radivoje takarda a madadinta. Sau uku bai amsa ba. Da ta tare shi a matakala, sai ya ce, "Haba maƙwabciya! A tandar nan uwata ta gasa burodin aurena. Hannunki ne bai iya ba."

"To bari in sayi nawa, ka ɗauke wannan."

"Ranar da murhun uwata ya fita, ke ma ki bi shi."

Ta ci gaba da fama da murhun, don ba ta da inda za ta koma.

Sai bikin waliyyin gidan su Radivoje ya zo, irin na Kiristocin nan, wanda kowace shekara dangi ke cika gida. Ana gobe biki, tandar Ljubinka ta cika da kifi da wake. Radivoje ya sauko da ƙullin burodin biki da kansa.

"Maƙwabci, zai ƙone," in ji Gordana. "Bari in kai gidan ƙanwata."

"Sa shi nan. Yau zan nuna miki tandar nan lafiyarta ƙalau."

Burodi ya fito, samansa kyakkyawa, gindinsa gawayi. Radivoje ya ɗora shi a faranti ya ce, "Wa ke duba gindin burodi?"

Ya manta da abin da ya gani tun yana yaro. Limamin coci ba ya yanka burodin biki sai ya kife shi.

Washegari, gaban mutum talatin, ina cikinsu, limami ya kife burodi. Wuƙa ta ƙi shiga. Garin gawayi ya zubo a kan farin mayafin tebur.

Gwaggon Radivoje, tsohuwa mai shekara tamanin, ta dube shi ta ce, "Rade, a ina aka gasa wannan?"

"A tandar Mama."

"Wannan tarkacen? Ai uwarka ta tsane shi! Ubanka ne ya hana ta sabo har ta mutu. Ashe halin ka gada, ba murhun ba."

Ranar Litinin Radivoje ya sa aka kawo wa Gordana sabon murhu. Masu sayen wainarta sun fara dawowa.

Amma ni ban gamsu ba. A matakala ya ce hannunta bai iya ba, maƙwabta suna ji. A matakalar nan zai tsaya ya janye maganar. Na aika masa takarda ta huɗu.

Darasi: Wanda ya ba da gida haya, ya ba da shi da kayan da ke aiki. Abin da ba za ka yarda a gasa maka burodi a ciki ba, kada ka bar wa ɗan haya. Ku tura wa duk mai gidan da kuka sani, ko da ɗan'uwanku ne.