Sabon Inji da Tsohon Maƙogwaro

A wani ƙauye da ke bayan duwatsu akwai wani mutum mai tsohuwar akori-kura. Da ita yake kwasar tumatirin matan ƙauyen yana kai musu kasuwar birni. Shekara goma sha huɗu yana wannan aiki, har injin motar ya gaji, in ta zo hawan dutse sai an sauke rabin kaya. Sai mutumin ya sayar da shanunsa biyu na noma, ya sayo inji wanda ya fi na dā girma da ƙarfi, ya kai wa wani dattijon bakanike a bakin tasha domin ya ɗora masa.

Dattijon ya sauke tsohon injin ya ɗora sabon, kome ya zauna daidai sai abu guda. Akwai wani ƙarfe mai rassa huɗu da kanikawa suke kira manifol. Ta cikinsa iska take bi ta shiga inji bayan an tace ta, kamar yadda numfashi yake bin maƙogwaro. Sabon injin bai zo da nasa ba, mai motar kuwa ya ce a sa na tsohon. Dattijon ya gwada. Ramukan noti shida ne, huɗu suka yi daidai, biyu suka kauce da kamar faɗin ɗan yatsa. Ya goge fuskar ƙarfen, ya sake gaskit, wato shimfiɗar da ke toshe tsakanin ƙarfe da inji, ya kuma gwadawa. Da ya zura bakin wuƙa tsakanin ƙarfen da injin, sai ta shige.

Ya ce, "Ɗana, wannan ba zai zauna ba. Ba don wannan injin aka ƙera shi ba. Ka ba ni kwana huɗu in aika birni a kawo nasa."

Ran mai motar ya ɓaci. Ya ce wannan ƙarfe bai taɓa ba shi kunya ba, da hannunsa ya yi masa walda sau biyu, kuma ya riga ya gaya wa mutane za su ga motar ran Lahadi a ƙofar majami'a. Dattijon ya tuna masa cewa sauran mako biyu kafin a fara tsinkar tumatir, ba abin gaggawa. Ya ce in aka bar wannan kafa, inji zai riƙa zuƙar iskar da ba a tace ba, da yashinta da jar ƙasarta.

Mutumin ya ce, "Baba, ka dai tsufa, shi ke nan."

Ya sa aka jawo motar zuwa garejin wani bakanike da ke tsallaken titi, wanda bai taɓa ce wa mai mota a'a ba. Wannan ya duba ya yi dariya, ya ce aikin rabin yini ne. Ya ɗauki magagari ya faɗaɗa ramukan nan biyu, ya ninka gaskit, ya shafe gefen da jan gam, ya ɗaure notin da dukan ƙarfinsa. Aka tayar da mota, ta tashi da ruri. Ran Lahadi mutane suka kewaye ta suna yabo.

Bayan kwana uku zafi ya fasa gam ɗin. Inji ya fara wani siririn fito, in motar ta tsaya sai ta riƙa karkarwa. Matar mai motar ta ce tana jin wata ƙara da ba ta saba ji ba, ya ce haka sababbin injuna suke yi. Wata rana a tasha dattijon ya zo wucewa, ya ji fiton, ya roƙi mai motar ya buɗe bonet. Ya zare zare daga bakin rigarsa ya kai kusa da mahaɗin, iska ta fizge zaren ta haɗiye. Ya ce har yanzu da sauran gyara, in an cire yau. Mai motar ya rufe bonet, ya shiga, ya ƙara muryar rediyo.

Ranar babbar kasuwa aka loda masa kwando arba'in, noman mata goma sha ɗaya. A tsakiyar hawan dutsen, wurin da ya sayi injin dominsa, motar ta yi tari, ta yi hayaƙi, injin ya buga. Hanyar ba ta da motoci, wadda ta zo kuma cike take. Kwana biyu tumatir yana cikin rana, har ruwansa ya riƙa ɗiga ta ƙarƙashin motar. Matan suka tako da ƙafa suka tsaya suna kallo. Wata gwauruwa a cikinsu, wadda kwando shida nata ne, ta ce masa, "Da ka faɗa mana motar ba lafiya, ai da mun nemi wata." Sai ya shiga zagin wanda ya sayar masa da injin.

Da aka jawo motar, dattijon ya kwance injin a gaban mai shi. Ya shafa yatsa a ciki ya nuna masa, yashi ya cinye kome. Ya ce, "Injin ba shi da laifi. Ta inda ka hana a gyara ƙasa ta shiga." Mutumin ya sunkuya ya ɗauki tsohon ƙarfensa, ya kakkaɓe, ya ce shi bai ga abin da ya same shi ba. Ya saɓa a kafaɗa ya tafi da shi gida.

Ga ma'anar misalin, 'yan'uwa. Sabon injin shi ne sabon rai da Ubangiji yake ba wanda ya tuba. Tsohon ƙarfen kuwa shi ne halin nan guda da ka ce kome za ka bari amma ban da shi. Ga wani ƙarya ce a ciniki, ga wani girman kai. A ikilisiyarmu, abin da na fi gani shi ne gaba tsakanin dangi. An yi maka baftisma, kana cikin ƙungiyar mawaƙa, amma shekara tara ba ka gaisa da ƙanenka ba saboda iyakar gona. Kana so ka ɗaure wannan a jikin sabon rai, ba kuwa zai zauna ba. Bakanike na biyu shi ne abokin da kake zuwa wurinsa don ka san zai ce kana da gaskiya. Gam ɗin nan shi ne farar rigar Lahadi da doguwar addu'a, suna rufe kafar na kwana kaɗan.

Ku lura kuma, ba mai motar kaɗai ya yi hasara ba. 'Ya'yanka suna girma ba su san ɗakin baffansu ba, matarka tana sauya hanyar rijiya, ba su ne suka yi faɗan ba.

Na san waɗansu za su fita yau su ce misalin ya yi daidai da wane. Kada ka nemi wane. In akwai gidan da ka daina shiga, ka san hanyarsa, ka tafi tun mai gidan yana iya amsa sallama. Ni dai na gaji da binne mutanen da 'yan'uwansu suke zuwa jana'iza su tsaya a bayan katanga.