Masarar Cikin Shinge

Ranar Lahadin da ta wuce, bayan an tashi sujada, Mama Afiniki ta tare ni a bakin ƙofa da waya a hannu. Ɗanta da ke aikin jinya a Amurka ne ya aiko mata hoton wani gasasshen talo-talo da ya kusa kai ɗan akuya girma, ga kabewa a gefe, ga mutane sun kewaye tebur. Ta ce, "Malam, wai Bikin Godiya suke yi. Ashe su ma suna noma? Ina suka samo wannan biki?" Na ce ta ba ni zuwa Lahadi. Ban san tambayar za ta hana ni sukuni ba.

Ga abin da na samo. Wajen shekara ɗari huɗu da suka wuce, waɗansu mutane suka bar Ingila a jirgin ruwa, suna neman inda za su yi sujada yadda suka ga ya dace. Suka sauka a wancan ƙetaren a bakin sanyi, kuma kafin sanyin ya wuce kusan rabinsu sun mutu. 'Yan asalin ƙasar ne suka koya wa sauran shukar masara. Da kaka ta yi suka ci abinci tare, baƙi da masu ƙasa, baƙin kuwa suka gode wa Allah. Wannan ne ake tunawa a wata ranar Alhamis a ƙarshen Nuwamba. Amma labarin bai tsaya nan ba. Baƙi suka yi yawa, zaman ya lalace, aka yi yaƙe-yaƙe, masu ƙasa suka rasa ƙasarsu. Har yau akwai jikokinsu da ke ɗaukar ranar a matsayin ranar makoki.

Wannan ƙarshen ne ya tsaya mini a rai, ga shi kuma tamu godiyar kaka Lahadi mai zuwa ce. Shi ya sa na tsara muku wannan misali. Misali ne fa, kada wani ya fita ya ce Malam ya ce haka aka yi a Amurka.

Akwai wani mutum da yunwa ta koro daga ƙasarsa, shi da matarsa da 'ya'yansa. Suka yi ta tafiya har suka sauka a bakin wani rafi, kusa da wani ƙauye. Ya zo da irin gero daga gida, ya shuka, amma ƙasar nan mai yawan ruwa ce, geron ya ruɓe a gona. A wannan shekara suka binne autarsu.

Da damina ta sake kusatowa, sai wani tsoho daga ƙauyen ya biyo 'yar siririyar hanya ya zo bukkarsu, riƙe da ƙwarya cike da irin masara. Ya nuna masa yadda ake huɗa a ƙasar, da tazarar da ake bari, da lokacin shuka. Da zai tafi ya ce, "Ɗana, abu ɗaya zan faɗa maka. In kaka ta yi, ka zaɓi goyon masara mafi kyau ka kawo gindin tsamiya. A can muke shimfiɗa tabarma, kowane gida ya zuba nasa, a cuɗa, sannan kowa ya ɗebi irin baɗi. Masara ba ta son zama ita kaɗai."

Mutumin ya ce, "To, Baba. Na ji."

Masara ta yi kyau ƙwarai a wannan shekara, kowane goyo ya kai tsawon damtse. Mutumin ya shirya biki, ya kira dukan ƙauyen. Suka zo da kifi da nama, aka ci aka sha. Ya durƙusa a gaban jama'a ya gode wa Ubangiji yana hawaye, kuma hawayen na gaskiya ne, ba zan yi masa ƙazafi ba.

Bayan biki ya kai masararsa gindin tsamiya. A nan ne abin ya fara. Yana tsaye yana kallon ƙwayoyinsa manya-manya suna ɓacewa cikin tsibi, sai ya ga wani ya zo ya zuba tasa, wadda ba ta kai tasa kyau ba. Da aka ba shi rabonsa, ya dinga juya shi a tafin hannu yana neman nasa ƙwayoyin, bai iya gane su ba. Ya koma gida ransa a dagule.

Shekara ta gaba ya kai, amma yana jan ƙafa. Wadda ta biyo baya kuwa ya ce wa matarsa, "Kin gane dabarar mutanen nan? Haraji suka sa mini, sai suka kira shi tabarma. Ni in yi gumi, wani ya kwashi irina? Allah ne ya ba ni, shi kaɗai zan gode wa." Ya rataye irinsa a saman murhu, bai je gindin tsamiya ba.

Ana nan sai awakin ƙauye suka shiga gonarsa suka yi ɗan ɓarna. Ya sari ƙaya ya kewaye gonar da gidan da shinge, shingen kuwa ya ratsa 'yar hanyar nan da tsoho ya biyo. Ya aika wa 'yan'uwansa cewa ya sami ƙasa mai albarka. Suka zo, ya ba su daga cikin irinsa, kowa ya kama fili a bakin rafi ya ja nasa shinge.

Biki kam bai fasa ba. Kowace kaka sai ya fi na bara girma, sai dai a cikin shinge ake yi, su ya su. Matarsa takan ce, "Maigida, ba za a kira Baba ba?"

Yakan ce, "Ai ya san hanya."

"Hanyar da ka toshe?"

"To, baɗi."

Wata kaka, ana tsakiyar waƙar yabo, ya hango tsohon a bayan shinge, tsaye da ƙwarya a hannu. Ya ce a ransa, ga shi nan ya biyo ni karɓar haraji. Ya juya masa baya, ya yi wa masu ganga alama su ƙara ƙarfi. Da ya sake waiwayawa, tsohon ya tafi.

Daga baya masara ta fara ja da baya. Goyon da yake kai damtse ya koma tsawon tafin hannu. Mutumin ya kasa zaune ya kasa tsaye. Ya ce ƙasar ce ta gaji, ya sari sabuwar gona. Ya ce taki ne bai isa ba, ya jibga taki. Ya zargi tsuntsaye, ya zargi matarsa da rashin iya ajiyar iri, ya yi faɗa da 'yan'uwansa a kan iyaka. Ya ƙara tsawon addu'a, ya ƙara yawan awakin da ake yankawa ranar biki, ko Allah zai duba. Wuni yake yi yana kai da komo a gona, yana ɓare goyo tun bai nuna ba don ya ga abin da ke ciki. Tuwo ma a tsaye yake ci. Duk da haka kowace kaka goyon sai ƙara ƙanƙancewa yake yi, ƙwayoyin nan ɗaya can ɗaya kamar haƙoran tsohuwa.

Shekarar da rumbu bai kai rabi ba, ya ce a shirya biki kamar yadda aka saba. Matarsa ta ƙi hura wuta. Ta ce, "Maigida, ba zan dafa ba. Abin da ke rumbun nan ba zai kai mu damina ba, kai ma ka sani. Na binne 'ya ɗaya a ƙasar nan, ba zan binne ta biyu saboda girman kanka ba. Ɗauki abin da ya saura ka tafi gindin tsamiya."

Ya yi ta zagaya tsakar gida yana huci. Daga ƙarshe ya ƙulle 'yan goyonsa a tsumma ya ɗauki adda. Sai da ya sare shingen kansa kafin ya sami bakin hanya, hanyar kuwa ciyawa ta cinye ta. Da ya isa ƙauyen sai ya tarar da kufai. Tsamiya tana nan, babu kowa a gindinta. Wata mata mai itace ta ce masa, "Ai sun daɗe da tashi. Tun da aka toshe musu hanyar ruwa suka koma bayan dutsen can." Shekara da shekaru yana maƙwabtaka da kufai bai sani ba.

Ya bi sawu har bayan dutse. Ya iske jama'a sun taru, an shimfiɗa tabarma ana zuba iri. Kowa ya juyo yana kallonsa. Waɗansu samari suka fara gunaguni, "Ba wannan ne ya hana mu ruwa ba?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba nake nema."

Wata tsohuwa da ke zaune a bakin tabarma, matar tsohon ce, ta ɗago ta dube shi. Ta ce, "Ka makara, ɗana. Ya rasu bara. Kowace kaka, ko bayan mun tashi, sai ya ɗauki ƙwarya ya taka har bakin shingenka. Yakan yi sallama, ganga ta hana ku ji. Sai ya dawo ya ce mini, suna godiya ne, kada in katse su, sai baɗi."

Mutumin ya ce, "Inna, ai na gan shi sau ɗaya. Na zaci karɓa ya zo yi."

Ta ce, "Karɓar me? Ƙwaryar cike take. Rabonka ne yake kai maka, don ya san masararka za ta lalace in ta daɗe ita kaɗai."

Ya zube ƙasa ya yi kuka mai zafi. Ya so ya ɓoye ƙullinsa a bayansa don kunya, amma tsohuwar ta riga ta gani. Ta ce, "Kwance ka zuba."

Ya ce, "Inna, nawa ya lalace. Zai ɓata naku."

Ta ce, "Zuba, na ce. In ya shiga cikin namu zai warke."

Ya murje 'yan ƙwayoyinsa a kan tsibi. Ta sa hannu ta cuɗa har suka ɓace. Sannan ta aika aka ɗauko ƙwaryar mijinta, ta cika ta, ta miƙa masa. Ta ce, "Ungo. Ta daɗe tana jiranka."

Ko mutanen ƙauyen sun koma bakin rafi, ban sani ba. Abin da na sani shi ne, da ya isa gida bai shiga ɗaki ba sai da ya tumɓuke shingen.

Ma'anar wannan misali ita ce: irin masara shi ne alherin Allah, wanda ya same mu a lokacin da ba mu da komai. Tsohon kuwa shi ne hannun da Allah ya aiko alherin ta wurinsa, gama Ubangiji bai cika jefo abinci daga sama ba, yakan ba mutum ne ya kawo maka, sau da yawa ma mutumin da ba ƙabilarka ba, ba kuma addininka ba. Tabarma ita ce zumunci, inda kake sakin mafi kyaun abinka ya gauraye da na wasu har ka kasa cewa wannan nawa ne. Shinge shi ne wannan magana mai kama da ibada, "Allah kaɗai zan gode wa," idan an faɗe ta don a guje wa fuskar mutum. Ku lura, mutumin nan bai taɓa daina godiya ba. Waƙarsa ta yabo ce ma ta hana shi jin sallama.

Rashin sukuninsa kuma na san shi a fuskoki da yawa a ɗakin nan. Muna sake sana'a, muna sake unguwa, waɗansu har ikilisiya suke sakewa, muna azumi a kan azumi, amma rai ya ƙi kwanciya. Kafin ka zargi maƙiya, tambayi kanka wace hanya ka toshe.

Lahadi mai zuwa za mu shigo da rawa, wannan da buhun masara, wancan da doya, Dattijo Filibus da zakaransa da yakan kufce a tsakiyar wa'azi. Yana da kyau, ku kawo, ban hana ba. Amma akwai matar da ta ba ki ɗaki lokacin da kika shigo garin nan da ƙunshin kaya kawai. Akwai telan da ya zaunar da kai a kan kekensa har ka iya, yau kana wuce shagonsa kana duban wani gefe. Akwai maƙwabcin da ya ɓoye 'ya'yanku ranar tashin hankali. Kuna gudunsu don kuna tsammani wani abu za su nema a hannunku, alhali mai yiwuwa ƙwaryarsu cike take.

Mama Afiniki, ki faɗa wa ɗanki ya ci talo-talonsa lafiya, ya kuma tuna da waɗanda suka ba da masarar farko. Mu kuwa a nan, kada wani ya ce mini sai baɗi, gama tsohon nan bai kai baɗi ba. Kafin Lahadi, kowa ya je ya leƙa bayan shingensa. In akwai wanda ke tsaye a wurin, a tsayar da ganga, a amsa sallama.