Jarkar Da Ba Ta Cika Ba

Akwai wani mutum a nan Maseru mai suna Seabata, ma'aikacin wani kamfanin inshora, wanda duk unguwarsu ta san shi da abu biyu: farar a-kori-kurarsa mai kujera biyar, da haukar wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara. Da sanyin Yuni ya kama, don a nan lokacin ne hunturu, ba ka ƙara jin wata hira a bakinsa sai ta dutse. Ko gaisuwar mutuwa ya je, sai ya san yadda ya yi ya tambaya ko ƙanƙara ta sauka a sama.

Ba a hanya ya tsinci wasan ba. Mahaifinsa, Ntate Makhetha, makiyayin tumaki ne a tsaunukan Mokhotlong, har aka buɗe filin zamiya ya samu aiki a ɗakin da ake ba baƙi hayar takalma da katakon zamiya. Shekara goma sha shida yana durƙuso yana ɗaure wa masu hali takalmi. Ranar hutunsa kuwa sai ya ari katako biyu ya ɗora ɗansa, yana binsa a guje cikin bargo yana cewa ya lanƙwasa gwiwa.

Yanzu tsufa ya zo. Matarsa ta rasu, gwiwa ta ƙi, yanar ido ta soma rufe masa gani. Seabata ya dawo da shi birni ya ba shi ɗakin baya, kuma shekara biyar ke nan rabon tsohon da dutse.

Wata ranar Lahadi a watan Mayu suna cin tuwon masara da ganye, sai tsohon ya ajiye kwano.

"Seabata, bana ka tafi da ni," in ji shi. "Ba katako zan hau ba, gwiwar nan ta gama nata. Ka ajiye ni a gindin gangara inda rana ke bugu, in ga ka sauko sau ɗaya tun idon yana ganin fari."

"Kujerar gaba taka ce, Ntate," in ji Seabata, don haka ake kiran uba a nan. Kuma har zuciyarsa ya faɗa, wannan kam ba zan ci zalinsa ba.

Sai fetur ya tashi.

Ya tashi a farkon Yuni, mutane ba su gama salati ba ya sake tashi a Yuli. Daga Maseru zuwa filin tafiyar awa huɗu ce, rabinta hawa ne, mota na shan mai kamar da gayya. Masu zuwa sau huɗu a shekara suka koma sau ɗaya, wasu suka rataye katakonsu suka ce sai baɗi.

Seabata yana da abokai uku da suke tafiya tare. A da shi ke cika tanki don a ce shi ne, su kuma su sayi naman gashi. Bana aljihu ya ƙi wannan burgar. Babban abokinsa Tlali, mutum mai bakin tsiya, shi ya kawo shawarar da duk masu zuwa dutse suka koma yi: a raba man tafiya gida biyar, kowace kujera ta ɗauki kasonta.

Seabata ya ce kujera ta biyar ta tsohonsa ce.

"To wa zai biya kason tsoho?" in ji Tlali. "Kai ne? In kai ne, mu namu ido. Amma ka sani in ka ɗauki kaso biyu, zuwa ɗaya za ka yi bana, mu kuwa biyu muka shirya. Ga surukina can yana roƙon kujera da kuɗinsa a hannu. Shi tsoho me zai yi a can? Ƙanƙarar da ya taka shekara saba'in ce bai ƙoshi ba?"

Aka yi dariya, Seabata ma ya yi. A nan ne fa mutumin ya faɗi, don ba rashi ya hana shi ba. Zai iya ɗaukar mahaifinsa ya je sau ɗaya, ko ya bar shi ya je sau biyu. Ya zaɓi biyu, ya lallashi kansa da cewa fetur zai sauka a Agusta, sai ya kai tsohon a lokacin.

Da ya koma gida ya ce wa mahaifinsa bana babu mai zuwa dutse, mai ya fi ƙarfin kowa, sai dai a jira sanarwar farashin mai ta sabon wata. Tsohon ya gyaɗa kai ya ce ya ji a rediyo.

A tsakiyar Yuli Seabata ya kai katakonsa gidan Tlali ya ɓoye, ya ce a gida ofis ya tura shi taro Mafeteng na kwana biyu. Suka tafi. Ƙanƙara ta yi kyau, rana ta buɗe tar, ya yi ta zamiya tun safe har aka rufe fili. Sau ɗaya kawai ya kalli bencin da ke gindin gangara, ya yi maza ya kau da kai.

Abin da ya manta shi ne abin da duk ɗan wasan nan ya sani. Ranar saman dutse in ta bugi ƙanƙara ta dawo, fuska take ƙonawa, sai ta bar wurin da babban gilashin ido ya rufe. Mutum zai sauko da kumatu baƙi, hanci na saɓa, leɓe a fashe, zagayen idonsa kuma ya yi haske kamar an zana da alli.

Ya tarar da tsohon zaune a bakin ƙofa yana shan hantsi. Ntate Makhetha ya ce ya matso, ba ya gani daga nesa. Ya kama fuskar ɗansa da hannu biyu, ya juya ta wajen rana, ya daɗe yana dubawa. Babban yatsansa ya bi ta ƙarƙashin idon a hankali.

"Mafeteng ta wahalar da kai," ya ce. "Shiga ɗakina, akwai man shafawa a kan taga, ka sa a leɓen nan."

Seabata ya shiga ya shafa, yana murna a ransa ya sha. Bayan 'yan kwanaki da ya koma ƙara shafawa ya ji ɗakin da sanyi, ya ga murhun kananzir na ɗumama ɗaki a gefe, bai kawo komai a ransa ba.

Daga ranar tsohon bai sake zancen dutse ba. Sai dai ya tsiri fita da safe da sandarsa, ya ce yana miƙe ƙafa. Ya daina shaƙar tabar garinsa, ya ce likita ya hana. In aka tambaye shi ko a kunna masa murhu, sai ya ce shi ɗan Mokhotlong ne, sanyin Maseru wasan yara ne, bargo ya ishe shi. Seabata ya ji daɗin wannan shirun, don babu abin da mai ƙarya yake so kamar a daina tambayarsa.

Sanarwar Agusta ta fito, fetur bai sauka ba. Seabata ya sake yin wani taron a Mafeteng. Wannan karon ya yi ta lafta mai a fuska, a ganinsa ya yi wayo.

Kwana huɗu da dawowarsa tari ya kama tsohon. Kafin mako ya zagayo numfashi ya gagara, aka kwantar da shi a asibiti, likita ya ce sanyi ne ya shiga huhu, kuma ya daɗe da shiga. Yayar Seabata, Nthatisi, wadda ke aure a wata unguwa, ita ta tare a gefen gadon. Seabata yana zuwa bayan ofis da lemo da ayaba, yana cewa da an sallame shi za su tafi dutse ko nawa ake sayar da mai. Tsohon sai ya yi murmushi ya ce to.

Ba a sallame shi ba. Ya rasu a makon farko na Satumba, da hantsi, Seabata yana ofis.

Dangi suka tsayar da cewa a ƙauyensa za a binne shi, kusa da matarsa, can gaba da filin zamiya. Motar gawa ta yanka kuɗin da ya firgita kowa, ita ma tana kuka da mai, sai aka ce a sa akwatin a bayan motar Seabata.

Ana gobe za a tafi, Nthatisi ta kira shi ɗakin baya. Ta janye ƙofa, ta nuna masa wata tsohuwar jarka ruwan ɗorawa an rufe ta da buhu. Warin fetur ya daki hancinsa.

"Ausi, mene ne wannan?" ya tambaye ta, don haka ake kiran yaya mace a nan.

"Kason kujerarsa ne," in ji ta.

Ta zauna a bakin gadon ta faɗa masa abin da tsohon ya gaya mata a asibiti. Tun ranar da ya kama fuskarsa a bakin ƙofa ya san inda ya je. Mutumin da ya yi shekara goma sha shida yana kallon fuskokin masu saukowa daga gangara, shi za a ɓoye wa zanen gilashi? Bai yi fushi ba. Ya lallaɓa har gidan mai na bakin titi, ya yi hira da masu zuba mai, a nan ya ji yadda ake yi bana, kowace kujera da kasonta.

Kuɗin tsufan da gwamnati ke ba shi kusan duka a magani da makarantar jikoki suke tafiya. Abin da ya rage masa na kananzir ne da taba. Su ya riƙa kaiwa gidan mai da 'yar kwalba, ana ɗiga masa kaɗan kaɗan, ya dawo ya juye a jarka. Murhun kuwa tun Yuli bai ga wuta ba.

"Na yi masa faɗa, na ce me ya sa bai gaya mini ba," in ji Nthatisi. "Ya ce, 'Yaron ba mugu ba ne, kujera ce ta yi tsada. Ba na so in kunyata shi a gaban abokansa, zan biya nawa kamar kowa.' Jira yake ta cika ya kawo maka. Ya ce in ba ka, in ce maka saura yatsa huɗu ta cika, ka yafe masa ragowar."

Seabata ya durƙusa a gaban jarkar nan. Bai yi ihu ba, kukan ma da farko ƙin zuwa ya yi. Ya tuna ranar da ya shigo ɗakin nan ya ji sanyi, ya shafa mai a leɓe ya fita. Bango ɗaya ne tsakanin ɗakinsa mai ɗumi da wannan, kuma wata biyu bai taɓa tambayar me ya sa murhun ba ya ci ba.

Washegari suka kama hanya. Tlali ya zo da kansa ya ce zai cika tanki, idonsa a ƙasa, bakin tsiyar nan ya mutu. Seabata ya ce ya bari. Ya kuma hana kowa zama a kujerar gaba. Ya ɗora sandar tsohon da hularsa a kai, Nthatisi da kawunsu suka zauna a baya.

Suka wuce Butha-Buthe, suka yi hawan dutsen Moteng a hankali saboda akwatin. Da rana ta yi tsaka suka iso filin zamiya. An rufe ƙofa, babu kowa. Ƙanƙara ta narke, gangaren ya koma busasshiyar ciyawa da taɓo, sai wani ɗan ƙyallen fari da ya yi datti can a inuwar dutse. Bencin yana nan inda yake, rana na bugunsa.

Seabata ya tsayar da mota a gefen titi. Ya sauko da jarkar, ya buɗe tanki ya fara juyewa. Ya juye tas, ya girgiza ta, ya rufe. Sannan ya zagaya baya ya dafa akwatin.

"Ntate, mun iso," ya ce. "Ka biya naka. Ni ne ban biya nawa ba."

A nan kukan ya zo, kukan babban mutum mai ban tausayi, har kawunsu ya fito ya riƙe shi. Da man tsohon suka ƙarasa ƙauyen.

Fetur ya sauka a watan Oktoba. Katakon Seabata yana nan a gidan Tlali har yau, bai je ya karɓa ba. Jarkar ce dai ba ta barin bayan motarsa, kuma in ka tambaye shi ta mece ce, sai ya ce ta babansa ce.

Darasi: Tsadar rayuwa gaskiya ce, amma sau da yawa ba ita ke hana mu cika wa iyaye alkawari ba, son ranmu ne muke laƙa mata. Shirun tsoho ba rashin sani ba ne, kara yake yi maka. Idan akwai kujerar da ka yi wa mahaifi ko mahaifiya alkawari, ka ba su tun suna iya zama a kanta, don fetur yana hawa ya sauka, su kuwa in sun tafi sun tafi. Ka tura wannan labari ga duk wanda ka san iyayensa na raye, kai ma ka leƙa ɗakin naka tsohon yau ka ga ko da ɗumi.