Giɓin Ganuwar Waziri Maikano

A zamanin da, a wata ƙasa mai yawan maƙiya, Sarki ya sa aka yi shela cewa kowane mai sarauta ya gyara rabonsa na ganuwa kafin damina. Waziri Maikano, mutum mai hikima amma bakinsa ya fi ƙafarsa sauri, ya miƙe a tsakiyar fada ya ce, "Allah ya ba ka nasara, in ruwan fari ya sauka ban gama nawa ba, in tuɓe rawanin nan in bar sarauta."

To, faɗa da baki ba wuya. Yau biki, gobe farauta, jibi baƙi, har rani ya ƙare da sauran giɓi a rabon Waziri, wanda raƙumi zai wuce da kayansa. Ran nan sai hadari ya taso daga gabas. Waziri ya shiga gida ya fito, ya zauna ya tashi, ya hau soro ya sauko, idonsa na sama. Aka kawo tuwo, ko kallonsa bai yi ba. Ya aika a tara magina, amma ina! Kafin su hallara ruwa ya ɓarke.

Matarsa Tabawa ta same shi yana kai da komo a tsakar gida, ta ce, "Haba maigida, wa ya riƙe maganar nan? Ka yi shiru, kowa zai yi shiru. In ka tuɓe rawani mu nufi ina da 'ya'ya?"

Tsoro ya kama shi ƙwarai, don sarautar gadon gidansu ce. Ya ce, "Ni na riƙe ta, Tabawa. Ita ke cina."

Da gari ya waye ya tafi fada, ya faɗi ya yi gaisuwa, ya kama warware rawani. Sarki ya so ya gwada shi, ya ce, "Waziri, na yafe. Mayar da rawaninka."

Waziri ya ce, "Ranka ya daɗe, in aka yafe mini wannan, gobe in na ce wa manzon wata ƙasa Sarki ya yi alkawari, don me zai yarda da bakina?"

Sarki ya karɓi rawanin, ya ce, "Sharaɗi ka cika. Saura ganuwa."

Maikano ya naɗe wando ya shiga kwaɓa ƙasa da ƙafarsa tare da magina. Ginin damina kuwa wahala ce tsagwaronta: a ɗora yau, gobe ruwa ya zubar, a sake. Waɗanda ke zube masa a da suka riƙa wucewa suna ƙunshe dariya, abin yana yi masa ciwo, bai dai fasa ba.

Da kaka ta kusa, sai ga Sarki da fadawa a gindin ganuwa, an riƙo rawanin. Aka ce ya sauko a naɗa masa. Maikano ya leƙo daga sama, laka har gwiwar hannu, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, a yi mini haƙuri, da sauran kamu guda."

Sarki ya yi murmushi, ya sa aka shimfiɗa masa buzu a cikin rana, ya zauna yana jira.