Saƙon Muryar da Jabiru Bai Tura Ba

Inna, yau kwana arba'in da muka kai ki. An yi addu'a, an naɗe tabarmi, baƙi sun watse. Ina zaune gindin dalbejiyar nan inda kike tankaɗe, zan ba mutanen shafin nan labari. Na sauya sunaye, amma ke kin san kowa.

Akwai wani saurayi a Azare mai suna Jabiru, mai gyaran waya a bakin tasha. Karatunsa ya tsaya a aji biyar na sakandare, amma ba lungun intanet da bai sani ba. Iyayensa mutanen Gaidam ne da suka daɗe a Azare. Uban ya rasu, ya bar uwarsu Ya Gana, da wan Jabiru, Babakura, da ƙanwarsu Yakaka.

Babakura ɗan fari ne, kuma sunan surukinta aka sa masa. Saboda haka Ya Gana ba ta taɓa kiran sunansa ba. "Wancan" take cewa, ko "wan naku". In ta zuba masa abinci sai ta ajiye ta kau da kai. Amma tsokar da ta fi girma kullum tana ƙasan kwanonsa, a binne cikin tuwo.

Da Babakura ya gama digirin injiniya, jami'o'i biyu suka ba shi tallafin ƙaro karatu, ɗaya a Masar, ɗaya a Kanada. Zuciyarsa ta fi kwantawa da Masar, don daga can jirgi ɗaya ne zuwa Kano, kowace Sallah zai iya zuwa gida.

Jabiru ya buga jerin matsayin jami'o'in duniya a takarda, ya shimfiɗa a tsakar gida. Ya nuna ta Kanada tana cikin ɗari na farko, ta Masar kuwa sai da ya juya shafi shida kafin ya gano ta. Ya ce Yaya na son a ba shi jirgi ya ce shi acaɓar zuwa garin Chinade ya saba hawa. Babakura ya yi dariya ya jefe shi da hula.

Jabiru ya ci gaba da bayani cewa a Kanada in ka gama za ka samu izinin aiki, daga nan takardar zama, daga nan ka janyo ɗan'uwanka. Wannan na ƙarshen a hankali ya faɗe shi, don kansa yake nufi.

Ya Gana tana gefe tana tankaɗe. Ba ta ɗago ba ta ce, "A takardar nan taku, ina aka rubuta wadda in na kwanta zai iso kafin a kai ni?"

Jabiru ya yi dariya, ya ce Turawa ba su auna wannan ba. Ta ce to, ta ci gaba da kaɗa rariya. Uwa ba ta sa baki a kan ɗan fari, kowa ya sani. Jabiru ma ya sani, kuma ya ji daɗin hakan.

Babakura ya tafi Kanada. Cikin shekara uku ya gama, ya samu aiki, ya shigar da neman takardar zama. Lauyansa ya ba shi shawarar kada ya fita daga ƙasar sai ta fito, saura 'yan makonni.

A daminar nan Ya Gana ta kwanta. Ƙafafu suka kumbura, numfashi ya yi nauyi, aka ba ta gado a asibiti. Duk sanda Babakura ya kira, sai Jabiru ya fita waje ya ce zazzaɓin damina ne, tana barci. Har ya tura masa tsohon bidiyonta na Sallah, ya ce jiya ya ɗauka.

Wata Alhamis bayan la'asar ta aiki Yakaka neman ruwan zafi. Da suka rage su biyu ta ce wa Jabiru ya danna mata abin nan da ke kai murya. Shi kuwa ya buɗe mata wurin ɗaukar murya kawai, ba wurin aikawa ba.

Ta riƙe wayar da hannu biyu. Ta daɗe ba ta ce komai ba, sai numfashi. Can ta ce:

"Babakura. Ka zo."

Ta miƙa wayar da sauri, ta ja mayafi ta rufe fuska kamar yarinya. Shekara talatin da ɗaya sunan nan yana bakinta, sai ranar ya fito.

Jabiru ya fita baranda, yatsarsa a kan wurin turawa. Ya san in wansa ya ji wannan, ko takalmi ba zai tsaya nema ba. Ya ce a ransa mako biyu ne kawai, Inna mai ƙarfi ce. Ya mayar da wayar aljihu.

Washegari ta tambaye shi ko wancan ya ji. Ya ce sabis ne ba kyau. Rana ta uku ya ce mata wansa ya ji, yana neman jirgi. Daga nan ta sa Yakaka ta kawo mata zanenta na fita, ta kuma ce a juya mata gado ya fuskanci ƙofa. Ta ce a daka kuka a ajiye, wancan ya daɗe bai sha miyar gida ba.

Da wata Juma'ar ta zagayo, da hantsi, ta cika tana kallon ƙofar.

Bayan kwana shida takardar zaman ta fito.

Babakura ya iso kafin addu'ar arba'in. Ya shiga ɗakinta ya zauna a ƙasa, ya ɗauki tsohon kwanonsa yana juyawa. Ya gode wa Jabiru da jinya, ya ce shi ne ɗan kirki a cikinsu, kuma har ya fara yi masa takardun tahowa. Sai ya ce:

"Ka san Inna ba ta taɓa faɗin sunana ba. Ko a ƙarshe ta tambaye ni?"

Wayar tana aljihun Jabiru, yana jin nauyinta a cinya. Ya ce, "Ta yi maka addu'a, Yaya."

Babakura ya gyaɗa kai, ya ce haka ma ya isa.

Darasi: In za ku zaɓa wa ɗan'uwa makaranta, ku duba matsayinta, amma ku duba hanyar gida ma, ku kuma saurari wanda ya yi magana sau ɗaya ya yi shiru. Kada ku ɓoye wa na nesa ciwon iyayensa don burinku ko nasa. Ana sake neman takarda, ba a sake jinyar uwa. Ku tura wa wasu, wataƙila ya kai inda ni na kasa kai shi.

Inna, muryarki tana nan, daƙiƙa sha tara, sha shida a ciki shiru ne. Yaya zai koma ranar Talata. Har yanzu ban faɗa wa kowa ba.