Bidiyon Shanun Baba Shitu

Akwai wani saurayi a wani ƙauye da ke bayan Bakori, sunansa Zaharaddeen. Ya gama sakandare, bai samu wucewa gaba ba. Noma yake taya ubansa, Malam Mamuda, amma hankalinsa ba ya gona. Yana cikin waya.

Wani kamfanin labarai na intanet da ke birni ya ɗauke shi yana turo musu bidiyo daga ƙauye. Matasa ne ke kallon shafin nan, tun daga Funtua har Malumfashi. Abin da shafin ya ce ya faru, to a wurinsu ya faru.

Mai karɓar aikinsa wani ne Talha. Ba su taɓa haɗuwa ba, sai a waya. Zaharaddeen ya tura masa bidiyon tsadar taki, ya tura na gadar da ruwa ya ci. Ko ɗaya ba a saka ba.

"Wakili," in ji Talha, "yaran yanzu ba sa tsayawa kallon buhun taki. Nemo mana abin da zai sa mutum ya yi dariya ko ya yi fushi. In ka samu na fushi ya fi."

To, Malam Mamuda yana da aboki makiyayi, Baba Shitu. Tun kafin a haifi Zaharaddeen suke tare. Duk shekara in an cire masara, Mamuda da kansa yake zuwa ruga ya ce a kawo shanu. Shanu su ci kara, su bar masa taki a gona. Haka aka saba. Matar Shitu, Gwaggo Nana, ita ke aiko musu da nono, da shi aka yaye Zaharaddeen.

Ranar da aka kawo shanun bana, Zaharaddeen yana gefe da wayarsa. Sai wani bijimi ya ɓalle ya nufi dawar maƙwabci da ba a yanke ba. Malam Mamuda ya ɗauki sanda ya bi shi yana ihu. Ƙafarsa ta harɗe da kara, ya zube ƙasa.

Shitu ya riƙe ciki yana dariya. "Mamuda, ka tsufa! Bar gudu, na masu ƙafa ne!"

"Kai da ka tsaya kamar turke fa? Bijiminka ma ya fi ka hankali!"

Mamuda ya zauna a ƙasa, hannu a ka, yana dariya har da hawaye. Ɗan Shitu ya je ya juyo da bijimin. Ko zangarniya ɗaya bai taɓa ba.

Zaharaddeen ya tura bidiyon. Ya rubuta cewa ga al'adar manoma da makiyaya a yankinsu.

Da yamma Talha ya dawo masa da shi. An yanke farko, an yanke ƙarshe. An cire muryoyin, an sa wani kiɗa mai ban tausayi. Abin da ya rage: dattijo yana bin shanu da sanda, ya faɗi, ya ɗora hannu a ka yana hawaye. Sai fuskar Shitu, an matso da ita, yana dariya. A sama an rubuta: Kalli yadda makiyayi ya cinye gonar dattijo a Bakori yana masa dariya.

A ƙasa kuma, da manyan baƙaƙe: Daga wakilinmu Zaharaddeen Mamuda.

"Oga, ai ba haka aka yi ba."

"Akwai abin da na ƙara a hoton? Ba shanu ba ne? Ba gona ba ce? In ba ka so, in cire sunanka in sa na wani."

Zaharaddeen ya daɗe yana kallon sunansa. Bai taɓa ganinsa a rubuce haka ba.

"To, Oga. A saka."

Kafin kwana biyu bidiyon ya gama gari. A majalisar masu shayi ana miƙa masa hannu. Yara na kiransa ɗan jarida. Ya ce wa kansa ai Baba ba shi da babbar waya, Shitu ma haka, abin zai wuce.

Ranar kasuwar Bakori, Gwaggo Nana ta kai nono inda ta saba zama. Shitu ya rako ta zai sayi kanwa. Wani yaro ya dubi waya, ya dubi Shitu, ya ce, "Wallahi shi ne!"

Nan take aka kewaye su. Wani mai suna Jibril, abokin Zaharaddeen ne ma, ya sa ƙafa ya shure ƙwaryar. Ta fashe, nono ya malale a ƙasa. Wani ya jefo dutse ya samu Shitu a goshi. 'Yan banga ne suka janye shi da ƙyar, suka kulle shi a ofishinsu.

Malam Mamuda yana wajen masu hatsi aka zo aka ce masa, "Baba, an kama wanda ya cinye maka gona."

"Wace gonar?"

Aka nuna masa. Ya kalla har ƙarshe. Ya ce a karanta masa rubutun ƙasa. Aka karanta masa sunan ɗansa.

Ya mayar musu da wayar. Ya je ya fito da abokinsa, ya kai shi aka ɗinke goshin, ya goya shi a babur har ruga.

Zaharaddeen ya kira Talha. "Oga, a cire. An fasa wa mutum kai, an fasa ƙwaryar matarsa."

"Subhanallahi. To ka ɗauka? Je ka samo mana tsohuwar da fasasshiyar ƙwaryar, yanzu labarin ya fara tafiya."

Zaharaddeen ya kashe wayar. Ya sa cikakken bidiyon a shafinsa, ya yi bayani. 'Yan tsiraru suka kalla. Cikinsu ma wani ya rubuta masa cewa an saye shi ne.

Washegari Mamuda ya tasa shi gaba zuwa ruga. Suka tarar Shitu a zaune, goshi a ɗaure. Zaharaddeen ya durƙusa, ya kasa ɗaga kai.

"Baba, ku yafe mini."

Shitu bai dube shi ba. Ya juya wajen Mamuda. "Dutsen ba komai ba ne, Mamuda. Amma mutanen da nake gaisawa da su tun ina da baƙin gashi, jiya babu wanda ya ce ku tsaya ku tambaye shi. Kasuwa mai zuwa zan aika da nono. In ya dawo gida ba a saya ba, na san zamanmu a nan ya ƙare. Zan kwashe iyalina mu tashi."

Gwaggo Nana ta ce, "Ni dai ƙafata ba za ta sake taka kasuwar nan ba."

"Ba ke za ki kai ba," in ji Mamuda. Ya nuna ɗansa da haɓa. "Ga mai kaiwa."

Ranar kasuwa Zaharaddeen ya shiga Bakori da gammo a ka, ƙwarya a bisa, ludayi a hannu. Namiji, mai gemu, wanda jiya-jiya ake kira ɗan jarida. Ubansa na biye da shi a baya, ya ce duk rumfar da ya tsaya sai ya faɗa da bakinsa.

Ya tsaya a rumfar farko. Ya faɗa ƙasa-ƙasa.

"Ban ji ba," in ji Mamuda.

"Nonon Gwaggo Nana ne. Ubana ne ya kira shanun Baba Shitu gonarmu. Dariya yake, ba kuka ba. Ni na yarda aka yi ƙarya da sunana."

Masu kabu-kabu suka kwashe da dariya. "Wakili! Yau labarin nono ka kawo mana?"

"Hajiya, a zuba na ɗari, a sa sukari!"

Gumi ya jiƙe masa riga. Da ƙasa za ta tsage da ya shige. Ya matsa rumfa ta gaba, ya sake faɗa. Wata mai ƙosai ta ce, "Kai ne ɗan Mamuda? Nonon matar nan ka sha ka girma fa." Ta miƙo kwano ba tare da ta kalli fuskarsa ba.

Haka ya bi layin masu hatsi, ya bi na mahauta, ya bi na 'yan tireda. Wasu suka saya, wasu suka zage shi, wasu suka yi duka biyun. A bakin tasha ya ci karo da Jibril.

Jibril ya sunkuyar da kai. "Ni ai abin da na gani ne."

"Ni kuma ina wurin," in ji Zaharaddeen.

Jibril ya juya ya tafi. Can sai ga shi da sabuwar ƙwarya, ya ajiye a gabansa, ya wuce.

Kafin la'asar nono ya ƙare.

Wani yaro ya ɗauki tallan a waya, ya tura wa kamfanin nan. Suka saka. Sun cire maganar da yake yi, sun sa kiɗan barkwanci, suka rubuta: Saurayin da ya ƙwace sana'ar mata. Wannan ya fi na farko tafiya. Ba su ma gane wakilinsu ne ba.

Da yamma Zaharaddeen da ubansa suka kai ƙwarya biyu ruga, wadda ya yi talla da ita da sabuwar. Gwaggo Nana ta buɗe faifai ta leƙa, ta rufe. Shitu ya daɗe yana kallon garke.

"Mamuda, gobe zan matsar da su gefen yamma. Can ɗin bai samu taki ba."

Shitu bai tashi daga rugar ba. Shanunsa na kan gonar har yau. Amma tabon yana nan a goshinsa, saman girar hagu. Kullum Zaharaddeen ya je karɓo nono sai ya durƙusa ya gaishe shi, kuma har yanzu bai iya ɗaga ido ya wuce gemun tsohon ba.

Darasi: Masu shafukan nan kallonku suke nema, ba su san ƙauyenku ba, ba su san wa za a fasa wa kai ba. Abin da ka gani a waya, wani ne ya zaɓi inda zai fara da inda zai ƙare. Ka tambaya kafin ka yi fushi, kuma kada ka ba da sunanka a ɗora ƙarya a kai. Ku tura wa yaranku su karanta.