Burgun da Ya Saye Lokacin Talla Duka

An yi wani Burgu mai sayar da gyaɗa a kasuwar Gindin Ɗorawa. Rumfarsa ta fi ta kowa girma, kuma ba ya son a manta da hakan. A gefensa akwai Bushiya mai ɗan faifan gujiya, wadda ba ta da yawan magana.

Wata shekara sai Tautau, gizo-gizo mai dogayen ƙafafu, ya buɗe kamfanin zare. Ya ja zare daga rumfa zuwa rumfa, daga rami zuwa sheƙa, ya rataya ɗan ƙoƙo a ƙarshen kowanne. In ka yi magana a ƙoƙonka, wanda ka kira zai ji a nasa. 'Yan kasuwa suka huta da zirga-zirga, daga zaune sai su tambayi farashi.

Tautau yana kuma sayar da lokacin talla. Kullum da hantsi yakan ɗaura zaren ɗan kasuwa ɗaya a jikin uwar zare, wadda ta ratsa kowane gida. Mai kaya ya yi tallarsa, sannan a kwance a ɗaura na wani.

Wata rana aka ɗaura zaren Bushiya. Ta ce, "Ga gujiya dafaffiya, ina nan kusa da rumfar Burgu." Iyakar tallar ke nan. Amma kafin azahar dabbobi uku sun wuce buhunan Burgu sun tsuguna gaban faifanta.

Burgu ya kakkaɓe gashin bakinsa ya nufi wurin Tautau.

"Kai mai ƙafafun tsinke, nawa ne lokacin tallar duka?"

"Duka na yaushe, Malam Burgu?"

"Safe da rana da yamma, wata guda cur. Kada in sake jin muryar wata mai ƙaya a zaren nan."

Tautau ya ce, "Zan sayar maka, amma ka fahimci yadda aikin yake. Wanda ya sayi lokaci duka, ba a kwance zarensa. Duk abin da aka faɗa kusa da ƙoƙonka, dajin nan kaf zai ji."

"To me na zo saye in ba wannan ba? Ɗaura, ka rage surutu."

Tautau ya ɗaura.

Kwana biyu Burgu yana kirari a bakin ƙoƙo har muryarsa ta dushe. A na uku abin faɗa ya ƙare. Zuwa na biyar ya saba da ƙoƙon kamar yadda ake sabawa da duk abin da ke rataye wuri ɗaya, ya daina ganinsa.

Ran nan da azahar, kasuwa ta yi sanyi, ya juya wurin matarsa.

"Miƙo min dutsen nan. Gindin mudun ya fara komawa daidai."

Ya kifa mudun ya shiga bugun gindinsa domin ya lotsa ciki. Kwan, kwan, kwan.

Matar ta ce, "Maigida, ya isa haka. Saura kaɗan ya koma rabin mudu."

"Wa zai gane? Baba Kunkuru? Tsohon da ba ya bambance gyaɗa da tsakuwa? Shekara uku ina auna masa da wannan, yana ta sa min albarka."

Ya ƙyalƙyale da dariya. Matar ba ta yi ba. Idonta na sama, ta rufe baki da hannu. Burgu ya bi inda take kallo, ya ga ƙoƙon yana lilo a hankali. Daga ƙoƙon Bushiya kuwa, ƙarshen dariyarsa ne ke fitowa. Bushiya ta sunkuyar da kai tana gyara gujiyar da ba ta buƙatar gyara.

Washegari ba wanda ya zage shi. Da an zage shi ma da ya samu abin ramawa. Dabbobi suka yi ta wucewa suna gaishe shi a takaice.

Can sai ya hango Baba Kunkuru, abokin marigayi mahaifinsa, ya doso rumfar. Tafiyar kunkuru ba ta sauri. Burgu ya tsaya yana kallonsa taki ɗaya bayan ɗaya, ya rasa inda zai sa idonsa.

"Ina kwana, ɗana. Auna min mudu ɗaya."

"Baba, ɗauki buhun duka. Kyauta."

"Mudu na zo saye." Tsohon ya numfasa. "Idona ne ya tsufa, ɗana, ba bayana ba. Ni ke ɗaukar kayan zuwa gida. Tun shekarar farko na ji nauyin ya ragu. Na yi shiru saboda mahaifinka. Jiya jikokina na zaune gindin ƙoƙo, suka tambaye ni me ya sa kake min dariya. Har yanzu ban samu amsar da zan ba su ba."

Ya biya kuɗinsa cif, ya juya da tafiyarsa mai nawa.

Burgu ya ɗaga kai ya dubi ƙoƙon. Ya san wannan ma an ji. Sai ya matsa bakin ƙoƙon ya ce, "Burgu ne. Abin da kuka ji gaskiya ne. Tautau, don Allah zo ka kwance. Ka ba sauran 'yan kasuwa lokacin."

Tautau ya zo ya kwance.

Burgu ya sayi sabon mudu. A hankali masu saye suka fara dawowa. Sai dai duk wanda ya zo, har ƙananan ɓeraye da aka aiko, sai ya ɗauki mudun ya juya shi ya duba gindinsa kafin a auna. Burgu kuwa yakan tsaya ya jira, kansa a ƙasa, har a gama dubawa.

Darasin da ke cikin labarin Burgu shi ne, wanda ya hana kowa magana domin a ji shi kaɗai, za a ji shi har inda ba ya so. Kafin ka nemi duniya ta saurare ka, ka gyara abin da kake faɗa da abin da kake yi sa'ad da kake zaton ba mai ji.